Takardar Safiya Da Aka Rubuta Nauyin Jariri A Bayanta

Zuwa ga Babbar Sista mai kula da sashen awon ciki da haihuwa,
Asibitin mata da yara na ɓangarenmu, Kaduna ta Arewa.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinki. Ina yi muku sannu da aiki, sannu ta gaskiya ba ta fatar baki ba. Ni malamar firamare ce, shekara ashirin da huɗu ina riƙe da alli, na san yadda mutum ɗaya yake ji idan aka jibge masa taron da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka kada ki ɗauka wadda ba ta san wahalar aiki ba ce ta zo yi muku tsiya.

Sunana Malama Rakiya, a Unguwar Sarki nake zaune. Ban ambaci sunan asibitinku ba, ban kuma ambaci sunan kowace nas ba, domin ba so nake a kori kowa ba. Ke dai za ki gane kanki idan kin karanta. Sau biyu na zo ofishinki a makon nan. Ranar Litinin aka ce kina taro. Ranar Laraba aka tambaye ni ina katina, na ce ni ba ciki gare ni ba, a shekaruna, magana ce ta kawo ni, aka ce to in dawo wata rana. Shi ya sa na bi ta jarida, tunda na ji an ce ba kya wuce ta.

Maganar a kan ’yar wana ce, wadda na riƙe tun tana shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyarta. Zan kira ta Safiya, ko da yake ba shi ne sunanta na yanka ba. Da izininta da na mijinta nake wannan rubutu. Shekara biyu ke nan ba kaɗan da ta haifi ɗanta na fari a wurinku. Yanzu tana da wani cikin, wata huɗu, kuma har yau ba ta fara awo ba, domin ta ce ba za ta ƙara taka asibitinku ba.

Na yi ta faɗa da ita a kan haka, ina ce mata taurin kai. Ranar Asabar da ta wuce na ce bari in ɗauko tsohon katinta na awo a akwatin da ta bari a ɗakina, in je in yi mata rajista da kaina ko ta ƙi ko ta so. Ina buɗe katin sai wata ’yar takarda ta faɗo, irin wadda ake yagowa daga littafin rubutu na ’yan makaranta, an ninke ta gida biyu. A bayanta an yi rubutu da jan biro: kilo uku da ɗigo bakwai, sai ranar dawowa. Na san wannan rubutu, domin irinsa ne a katin rigakafin yaron. Na buɗe ta. A ciki rubutun Safiya ne, wanda ni na koya mata shi da hannuna. Ga abin da ta rubuta, ban ƙara ba ban rage ba:

“Sista, don Allah ki ce wa Goggo ta ɗan fita, ina so in yi magana da ke ni kaɗai. Na fi kwana goma ba na barci. Ina tsoron ɗaukar yaron nan. Ina tsoron kaina. Don Allah kada ki nuna mata.”

Ranki ya daɗe, a tsaye nake lokacin da na fara karantawa, ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Na juya takardar, na sake juyawa, na fi sau goma, kamar zan ga wani abu dabam. Yarinya ta rubuta muku tana tsoron kanta, ta sa a hannunku, aka rubuta nauyin jariri a bayan takardar aka mayar mata. Yau kwana shida ke nan. Bari in jera miki abin yadda ya faru, domin ki ga ba rana ɗaya aka yi wannan kuskure ba, kuma ba ku kaɗai kuka yi shi ba.

Na ɗaya: yadda kuke tambaya a wurin awo.

Da cikin ya kai wata bakwai, mijinta ya kawo ta wurina daga Unguwar Dosa, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, ta haihu a hannun iyaye ta yi wanka. Yarinyar da na sani mai surutu ce, wadda in ta fara ba ni labarin makaranta sai na ce mata ta bar ni in ji da kaina. Wadda aka kawo mini shiru take. Sai ta zauna ta dafe ciki tana jira ya motsa, in ya ɗan jima bai motsa ba sai gumi ya karyo mata. Tana tankaɗe sai in ga hawaye na zuba, in tambaya, ta ce ba komai. Ta sha ce mini gabanta na faɗuwa. Ni kuma in ce mata cikin fari ne, kowa da haka ya fara.

Sau huɗu na raka ta awo a wurinku, duk ranar Talata. Kin fi ni sanin yadda ake yi. A cika benci tun da sassafe, a yi waƙa a tafa, a yi lacca a kan cin alayyafo da ƙwai da wanke nono. Sannan a hau sikeli, a ɗaure hannu a gwada jini, a shiga bayan labule a auna ciki. Labulen nan bai kai ƙasa ba, bai kuma haɗe bango ba, mai bi miki tana tsaye tana cire takalmi tana jin komai. A nan ne nas take tambaya ko akwai matsala, kanta a sunkuye tana rubutu. Kuma idan ta ga yarinya ce mai cikin fari da babba a bayanta, ba yarinyar take tambaya ba, babbar take tambaya, wai don yarinya za ta ji nauyi.

To ni ce babbar. Sau huɗu aka tambaye ni, sau huɗu na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Da bakina. Sau ɗaya ne Safiya ta yi ƙarfin hali ta ce zuciyarta na bugawa ba ta iya barci. Nas ɗin ta duba awon jininta ta ga daidai yake, ta yi dariya ta ce ta rage tunanin maigida, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Matan da ke bayan labule suka taya ta dariya. Ni ma na yi. Daga ranar Safiya ba ta ƙara buɗe baki a wurinku ba.

Na biyu: abin da muka kira kunya.

Ta haihu lafiya, namiji, da hantsi. Da aka miƙa mata shi sai ta kau da kai. Ungozomar ta ce kai, yau ga Bafulatana, ta miƙo mini shi. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce a raina tarbiyyata ba ta faɗi ƙasa ba. Ranar suna aka sa masa sunan surukinta, mahaifin mijinta, muka riƙa kiransa Abba. Sai kunyar ta zama biyu: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Wa zai yi mamaki don ba ta kalle shi ba?

Ba ta ɗaukarsa sai an ɗora mata. Idan tana ba shi nono fuskarta na bango, hannuwanta a sandare, yana saki ta ce a karɓa. Ba ta yi masa wasa, ba ta tambaya ko ya yi barci. Matan da ke zuwa barka sai yabo suke: yarinyar kirki, ba irin ’yan bokon yanzu ba masu rungume ɗan fari a gaban surukai suna kiransa da suna. Wata ma ta ce in ba ta sirrin yadda na yi renon, tana da ’yan mata uku. Na yi ta hura hanci ina cewa ai ba komai, ikon Allah ne. Yau idan na tuna wannan hura hanci sai in ji kamar in tona rami in shige.

Domin ni na san kunya, ranki ya daɗe. Na yi ta a kan nawa ɗan farin. Mai kunya a gaban mutane take yi. Da ɗaki ya watse za ki same ta tana shinshina kan yaron, tana ƙirga yatsunsa, in ta ji motsi ta yi maza ta ajiye. Mai kunya tana cin tuwonta, tana shan kunun kanwarta har ta nemi ƙari, tana barci kamar an jiƙa ta. Safiya ko ita kaɗai ce a ɗaki, can ƙarshen gado take zama, yaron na wancan ƙarshen. Kunu sai ya yi sanyi ya kama fata. Naman da mijinta ke kawowa maƙwabta ke cinye shi. Maijego da ya kamata ta murje ta yi kumatu, ita kullum zaninta ƙara zagaye ta yake. Duk na gani. Na ga dai abin da nake so in gani ne, na sa masa suna mai daɗi.

Wannan laifina ne, na ɗauka, zan je da shi gaban Allah. Amma ni alli na karanta. Ku kuka karanta haihuwa da abin da ke biyo bayanta. Ma'aikatanku a garin nan suke, sun san al'adar nan kamar yadda na san ta, sun kuma san abin da ban sani ba. Ina jin su ya fi kamata su iya raba kunya da ciwo.

Na uku: ranar takardar.

Yaron na da kwana goma sha shida muka kawo shi allurar rigakafi, ita kuma a duba ta. Ranar Asabar ɗin nan, bayan na dawo cikin hankalina, na hau bas na tafi Unguwar Dosa da takardar, na ajiye ta a gaban Safiya. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ba ni labari.

Ta ce kwana uku tana shirya abin da za ta rubuta. Ta yago takardar daga cikin littattafan ’yan ajina da nake kawowa gida in yi maki. Ta ninke ta ta sa a cikin katin yaron, domin ta san ni ke amsa tambaya, kuma ta san ba za ta iya cewa in fita da bakinta ba, ni da na riƙe ta. Ta ce tun daga gida har asibiti zuciyarta kamar za ta fito, amma a ranar ne kawai ta ji ɗan sanyi, don tana ganin yau wani zai sani.

Yanzu na tuna yadda kuke yi. Nas ɗaya na wurin sikeli, ta ɗora jariri, ta rubuta nauyinsa a guntuwar takarda ta cusa a kati. Wata na teburi, ita ke kwafewa a cikin kati ta rubuta ranar dawowa. Takarda kuwa ta yi muku wuya, mun sani, ko kwalin magani kuka samu yagawa kuke ku yi rubutu. Ta wurin sikeli ta buɗe kati ta ga takarda a ninke, ta samu abin da take nema. Ta rubuta, ta mayar. Ta teburi ta ɗauka, ta kwafe, ta ƙara ranar dawowa a ƙasa, ta mayar. Hannu biyu takardar nan ta bi. Ninki ɗaya ne tsakaninsu da abin da ke ciki. Sannan ta teburin ta ɗago ta tambaye ni ya maijego, na ce lafiya lau, sai dai kunya. Ta ce ai gara haka.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne yadda Safiya ta fahimci abin. Ita ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ba a karanta ba. Ta ga an zaro takardar, ta ga an yi rubutu, ta ga an mayar. Da muka dawo gida ta buɗe don ta ga amsa, sai ta ga kilo uku da ɗigo bakwai. Ta ce sai ta ɗauka amsar ke nan: yaro na ƙiba, ke me kike nema? Ta ɗauka abin da ke damunta ya yi muni har ma'aikaciyar asibiti ba ta iya tanka shi. Ta ɓoye takardar a tsohon katinta, ta ƙudurta ba za ta ƙara gaya wa kowa ba. Kusan shekara biyu tana ɗauke da wannan, ko likitan da ya yi mata magani daga baya ba ta gaya wa ba.

Ban sani ba ko an karanta aka share, ko ba a buɗe ba sam. Na kwana biyu ina auna su, na rasa wanne ya fi sauƙi. Ke za ki iya bincikawa.

Na huɗu: abin da ya biyo baya.

Kullum safe da yamma ina dafa mata ruwan wanka a babbar tukunya a tsakar gida, da ganyen darbejiya, kamar yadda aka yi mini. Na lura duk sanda tukunyar ke tafasa ba ta yarda ta gitta tsakar gida da yaron. Ta sha roƙona a bar wankan nan haka. Na ce ragwanta ce, zafin ruwa take gudu, in ba ta gasu ba ita za ta sha wuya nan gaba. Ashe ba zafin take gudu ba. Daga baya ta ce duk sanda ta ga ruwan na tafarfasa sai ta ga a ranta kamar yaron ya suɓuce daga hannunta ya faɗa ciki. Ba so take ba, Allah ya sani, abin ne ke faɗo mata, ta kore shi ya dawo, ta yi ta'awwuzi ya dawo. Haka in ta ga wuƙa, haka in ta ga rijiya. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ita muguwar uwa ce, kuma hanyar da za ta tsare ɗanta ita ce kada ta taɓa shi. Ni kuma sau biyu a rana ina hura mata wuta a ƙarƙashin abin da take tsoro.

Ranar da ta cika kwana talatin da ɗaya, Alhamis ce, an kwana ana ruwa. Na yi mata wankan safe na tafi makaranta. Da aka fita tara na dawo in duba su, na tarar da ɗaki a buɗe, takalmanta a bakin ƙofa, babu ita babu yaro. Na leƙa gidan maƙwabcinmu, wani malamin allo dattijo, na sami Abba a bayan matarsa yana barci. Matar ta ce Safiya ce ta kawo shi, an yi masa wanka an shafa masa hoda, da kayansa a ƙulle a ɗankwali, ta ce a riƙe mata yanzu za ta dawo. Har matar na yi mata tsiya wai yau kunya ta ƙare. A cikin ƙullin kayan muka ga ta jera rigunansa, da katin rigakafinsa, da ’yar kwalbar man da ake shafa masa. Mai dawowa yanzu ba ta haɗa wannan.

Ba zan iya kwatanta miki wannan yini ba. Aka kira mijinta daga ofis, ya zo a kan babur ko hula babu. Muka bi dangi, muka bi tasha, muka zo har wurinku ko ta zo. Wallahi har rijiyar gidan na sa aka leƙa. Sai bayan la'asar wata mai sayar da abinci a tashar Mando ta kawo ta a tasi. Ta ce ta gan ta zaune a gefen rumfarta tun azahar, ba takalmi, ƙafafu duk laka, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Ta ce da ganin rigar ta san akwai jariri a wani wuri yana kuka. Ta zauna kusa da ita, ta ba ta ruwa, ta tambaye ta a hankali me ke damunta. Ashe daga Unguwar Sarki Safiya ta bi ta Kawo har Mando a ƙasa, maijego, ba ta san inda za ta ba. Abin da ta gaya wa matar shi ne gara ta yi nisa da yaron kafin ta cuce shi, zai fi samun rayuwa in babu ita.

Ki duba, ranki ya daɗe. Mai sayar da tuwo, wadda ba ta taɓa ganin Safiya ba, ita ce mutum ta farko da ta tambaye ta ita kaɗai, ta kuma jira amsa.

Na biyar: ashe ciwo ne sananne.

Kamar kowa, muka ce iska ce. Malamin nan maƙwabcinmu ya yi mata rubutu kwana uku, ya yi mata addu'a. A rana ta huɗu ya kira ni zaure ya ce zai ci gaba da addu'a, amma shi a ganinsa wannan ba aikin iska ba ne, a kai ta asibiti. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a wata ƙanwarsa a ƙauye, aka tsaya turare har aka rasa ta. Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri.

Muka haye kogi zuwa asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa, ina tafe ina jan mayafi kada wani ya gan ni. Abu na farko da likitan ya yi shi ne ya ce ni da mijin mu jira a waje. Na ji haushi, ban ɓoye miki ba. Ya fi rabin awa da ita. Da ya kira mu ya ce wannan ciwo ne da ke kama mata a lokacin ciki ko bayan haihuwa, damuwa mai tsanani da tsoro, ba hauka ba ne, ba rashin imani ba ne, ba kuma ƙin ɗa ba ne. Ya ce mugayen tunanin da ke faɗo mata alamar ciwon ne, kuma tsoron da take yi shi ke nuna ba ta son abin ya faru. Ya ce yana da magani, kuma da an gano tun a wurin awo da ba a kai ga Mando ba. Na tambaye shi ko sabon ciwo ne da bai iso asibitocin unguwa ba. Ya ce a'a, yana cikin abin da ake koya wa ungozoma.

Nan ma sai da na riƙe baki. Wata uku muna zarya a wurinku, an gaya mana amfanin alayyafo ya fi sau goma, an koya mana waƙar wanke hannu har na iya ta, amma ba a taɓa cewa ko sau ɗaya ba, mata, in kun ji kaza bayan haihuwa ku zo ku faɗa, ciwo ne.

Ya ɗora ta a kan magani, yana ganinta duk mako biyu, bai raba ta da ɗanta ba. Na sauke tukunyar nan, ban ƙara ɗora ta ba. Sannu a hankali barci ya dawo, abinci ya dawo. Abba na da wata biyar, wata rana na shigo daga makaranta na same ta ta ɗora shi a cinya tana yi masa wasa yana ƙyalƙyala dariya. Da ta gan ni ta yi sauri za ta ajiye shi. Na ce in ta ajiye shi sai na saɓa mata. Ranar na yi kuka a bayan ɗaki kamar yarinya.

Yanzu ga inda muke. Likitan ya gaya mana tun a lokacin cewa wadda ta taɓa yi, yana iya dawo mata a wani cikin, don haka a sa mata ido tun daga awo. Na fara ganin alamu: ta soma dafe ciki tana shiru. Mijinta ƙaramin akawu ne a ma'aikata, asibitin kuɗi ba nasa ba ne, ku ne na kusa, ku ne namu. Ita kuma cewa take gara ta haihu a ɗaki da ta koma inda aka karanta kukanta aka ba ta amsa da kilo. Sai ranar Asabar, da na nuna mata cewa mai yiwuwa ba a ma buɗe takardar ba, sannan ta ce za ta gwada sau ɗaya. Sau ɗaya tak. In aka yi mata yadda aka saba, ba za ta koma ba, kuma na san ta, ba za ta koma ɗin ba.

Saboda haka ga roƙona, ranki ya daɗe.

Ki sa a riƙa fitar da mu. Mu goggonni da iyaye da surukai, a ce mu jira a baranda ko na minti biyar ne, a tambayi yarinya ita kaɗai. Za mu yi fushi, za mu ce an raina mu. A bar mu mu yi, ba a taɓa kwantar da kowa a asibiti saboda wannan fushin ba. Kuma kada a bar wa yarinya ta nemi hakan da bakinta, ba za ta iya ba. Ya zama dokar asibiti, a ce Babbar Sista ce ta ce.

Idan an keɓe da ita, kada a tsaya a kan ko akwai matsala. A tambaye ta tana barci? Tana cin abinci? Akwai abin da ke ba ta tsoro? Idan an ga mai ɗan fari ta kau da kai, kafin a yaba mata a tambaya ko in ta kaɗaita tana ɗaukarsa. A kuma ɗago kai a dube ta lokacin da take amsawa.

Ki sa maganar nan a cikin laccar safe, a faɗe ta da Hausa a gaban kowa, domin tsofaffin da ke rakiya su ji, su ne suka fi bukata. Wadda aka ga alama a tare da ita a rubuta mata takarda zuwa wurin likitocin can ƙetaren kogi, kada a bar ta sai mai tuwo ta tsinto ta.

Na ƙarshe ƙarami ne. Na tattara ragowar littattafan ’yan ajina na bara, na yanke fararen shafukan ƙanana ƙanana, sun cika kwalin takalmi. Zan kawo wa ta wurin sikeli kyauta, in sun ƙare in ƙaro. Duk takardar da aka gani a ninke a cikin katin mace, don girman Allah a buɗe ta.

Ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri, ya ba ki ikon gyara abin da ya samu, ya saka wa ma'aikatanki a kan rayukan da suke ceta, waɗanda na san suna da yawa. Ya yafe mini, ya yafe musu. Ya sauki duk mai ciki lafiya, ya ba ta lafiyar jiki da ta zuciya.

Ranar Talata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo Safiya. Zan raka ta har bakin ƙofa, in koma baranda in zauna, in kama bakina. Ko an tambaye ni ba zan amsa ba. Ta ce ba za ta rubuta sabuwa ba, tsohuwar takardar za ta sa a cikin katinta, domin abin da ke ciki bai canza ba. Bayanta kun riga kun cike shi, babu sauran wurin rubutu. Cikin ne ya rage.

Wassalam.

Taki,
Malama Rakiya,
Unguwar Sarki, Kaduna.